Ƙarshen Waƙar Miss Icilda

Ranar da Romario ya fara shiga situdiyon Mass Lenford a Kingston, Tashoya ya tarar gaban na'ura, 'yar mai wurin, wadda ke yi wa waƙoƙi gyaran ƙarshe. Tana ɗagowa ya manta gaisuwar da ya shirya.

Waƙar kakarsa Miss Icilda ya kawo, wadda ciwo ya kwantar. Waƙar coci ce, murya zalla, ƙarshenta na narkewa har ya koma numfashi.

"Sai an matse ta kafin ta hau faifai," in ji Tashoya. "In na matse haka kawai, saurari ƙarshen."

Muryar ta ƙare da ƙaras-ƙaras, kamar ana taka tsakuwa.

"Kai! Kakata ba ta taɓa waƙa haka ba."

"Shi ya sa muke barbaɗa ɗan shuuu, dita sunansa. Akwai shimfiɗaɗɗe, ana ɗan jin sa, amma yana jure a sake taɓa waƙar. Akwai wanda ake turawa sama inda kunne ba ya kaiwa. Shi ya fi tsabta, sai dai in wani ya sake jagwalgwala waƙar, zai iya fitowa fili. Wanne kake so?"

"Wanda kike so."

"Malam, kakarka ce, ba tawa ba."

"Tukuna dai."

Ta harare shi, amma dariya ta ƙwace mata. Suka zaɓi na biyun.

Daga nan kullum sai ya zo da fanke mai nama, wai yana son ƙara sauraro. Mass Lenford bai so haka ba. Dane yake so mata, furodusan waƙoƙin da yaransa ke gadin layin, wanda ba a ce masa a'a. Motarsa mai baƙin gilashi ta fara tsayawa ƙofar situdiyo, ba wanda ke fitowa.

Wata rana Dane ya shigo, ya dafa kujerar Tashoya.

"Muryar tsohuwar nan za ta yi daɗi a kan kiɗana. Ba ni ta asalin."

"Ba tawa ba ce."

"Situdiyo katako ne fa, 'yar Lenford," ya ce a hankali, ya fita.

Bayan mako guda Romario ya ji muryar kakarsa na tashi daga lasifikokin mashaya, an ɗora mata kiɗan rawa, tana huci kamar iskar taya. Ya tura saƙo:

"Tash, na ba ki amana kin sayar. Kaka ta ji, tun safe take kuka."

Ta amsa: "Zumana, ka zo ka ji da kunnenka. In na yi ƙarya kar ka ƙara kallona."

Ya zo fuska a murtuke. A gaban mahaifinta ta kunna waƙar Dane.

"Ka ji hucin nan? Gamammiyar da muka barbaɗa wa dita aka ɗauka aka ƙara mata ƙarfi, shi ne ditan ya fito fili. Ta asalin tana wurina, ban ba kowa ba. Gamammiyar kuma mutum biyu ne ke da ita a ginin nan."

Mass Lenford ya cire tabarau.

"Ni na ba shi. Na ji tsoro, 'yata."

Romario ya ce, "Tash, ki yafe min." Ya juya ga dattijon: "Mass Lenford, ba ni kaina za ka ba haƙuri ba. Kaka tana gida a kwance."

Dattijon ya je. Abin da suka ce da Miss Icilda ba wanda ya ji, amma ya fito idonsa jawur, washegari ya kira masu ɗaukar kaya. Suka kwashe na'urori zuwa garin 'yar'uwarsa. Kwana kaɗan bayan nan wuta ta cinye ginin da suka bari, ba a kama kowa ba.

A can aka ɗaura auren Romario da Tashoya, a ƙaramin coci, hadari ya haɗu baƙi ƙirin. An kawo Miss Icilda a keken guragu. Ta kama hannayensu biyu ta haɗa, muryarta da ƙyar ake ji.

"Allah ya tsare min ku. Ke kuma 'yata, ki riƙe shi, yana da saurin fushi."

"Na lura, Kaka," in ji Tashoya.

Mass Lenford ne ya fi kowa ɗaga murya da amin.