Wanzami da Kwabon Zinariya

A wani gari an yi wani wanzami mai son tsoffin kaya. Wata rana ya ga hoton wani tsohon kwabo a wayarsa, mai sayarwa ya rubuta: "Zinariya ce tsantsa!" Wanzami ya sayar da ragonsa, ya tura kuɗin, aka aiko masa da kwabo.

Ya nuna wa matarsa, ya ce, "Zinariya ce tsantsa!" Ya nuna wa maƙeri, ya ce, "Zinariya ce tsantsa!"

Maƙeri ya goga kwabon a dutse, ya ce, "Malam, tagulla ce tsantsa."

Wanzami ya kira mai sayarwa, waya a kashe. Sai wani abokinsa ya ce, "Kai ma ɗora hoton kwabon a waya ka sayar wa wani, ka fanshe asara."

Wanzami ya fara rubuta "Zina...", sai hannunsa ya tsaya. Ya goge, ya ɗora hoton kwabon, ya rubuta: "Jama'a, tagulla ce. Ni na saya, kada ku saya!"

Washegari wata tsohuwa ta yi sallama, rungume da zakara. Ta ce, "Saura ƙiris in sayar da akuyata in sayi irin kwabon nan, sai na ji gargaɗinka. Ga tukwici."

Matar wanzami ta juya zakaran, ta ce, "Maigida, wannan kam ba jabu ba ne. Kawo wuƙa!"