Akushin Kaka Ɗelu Ya Yi Fari

Ranar da Ashiru ya shiga butik ɗin Alhaji Salisu da ke bakin kasuwar Madarumfa, injin goge katako ya je saye, ko tunanin mace babu a ransa. Tun da ya fara kafinta da hannu yake goge katako da samfefa, har tafinsa ya yi kanta. Ya daɗe yana tari, kuma ya rantse yau ba zai koma shagonsa hannu rabbana ba.

Ya yi sallama yana jiran muryar Alhaji, sai wata siririyar murya ta amsa. Mardiyya ce, 'yar Alhajin, wadda ke tsare butik duk ranar da uban ya tafi Ɗan Issa ɗauko kaya.

"Baba ya tahi iyaka. Mi kake so?"

Ashiru ya manta abin da ya kawo shi. Da ƙyar ya ɗaga hannu ya nuna wani ƙaton inji da ke can sama cikin kwali mai sheƙi. Ta faɗa masa kuɗinsa, dala dubu goma sha takwas. Sai da ya dafa kantar butik ɗin.

"Inji ɗaya? Ko da jakin da zai ɗauke shi?"

Ta yi dariya har da rufe baki da gefen hijabi. Sannan ta sauko da wasu guda biyu ta ajiye gabansa, ɗaya mai kusurwa huɗu, ɗaya kewayayye kamar faifai.

"Wanga mai kusurwa ya hi arha, amma rawa kawai yakai wuri ɗaya. In ka shafa fenti za ka ga 'yan zane-zane sun hito ma katakon. Wanga kewayayyen yana juyawa yana kuma karkarwa, ba ya bin hanya ɗaya sau biyu, don haka ba ya barin tabo. Ga jakar da ke tara garin katako, ga inda ake rage gudu. Kuma ba ya shan wutar kuran, ko ƙaramin gurup mai ba da wuta ya tada shi."

Ashiru ya saki baki yana kallonta. "Wa ya koya miki duk wanga?"

"Kafintocin da ke maido ma Baba kaya suna faɗa. Ni ke sauraren faɗan." Ta liƙa wa kewayayyen injin faifan samfefa, ta jona shi, ta miƙa masa guntun katako. "Gwada. Kada ka danne shi, bar shi ya yi aikinshi. Kuma kahin ka sayi kowane inji, tambayi ko ana samun samfefarshi a Maraɗi. Ta wanga ko'ina akwai ta."

Ya ɗora injin a kan katakon. Aikin da yake kwashe rabin yini yana yi, sai ga shi ya gama kafin ta rufe baki. Ya shafa wurin ya ji sumul, ya ce, "La ilaha illallahu!" Ya biya dala dubu biyar, ya rungumi kwalinsa ya fita. Sai da ya kai bakin tafki ya tuna ya bar moto ɗinsa, babur ɗin da ya zo a kai, a ƙofar butik.

Daga ranar samfefa ta daina jimawa a shagon Ashiru. Yau ya zo sayen mai kaushi, gobe mai laushi, jibi ya ce ta jiya ta ɓata. Mardiyya ta gane, ta kuma bar shi yana ta ƙaryarsa, don ita ma takan leƙa hanya idan la'asar ta yi bai zo ba. Da ya samu lambarta, saƙonsa na farko shi ne:

"Mardiyyata, injin nan lafiya lau yake aiki. Mai shi ne ya lalace, ya kasa aikin komai sai tunaninki."

Ta mayar masa: "Mai garin katako, kawo mai injin in duba shi. Amma ka sani, kayan da aka saya ba a maidowa."

Da maganar ta kai kunnen Alhaji Salisu, sai ya ɗaure fuska. Shi Hamza yake so, wani ɗan abokinsa mai manyan motoci da ke jigila tsakanin Maraɗi da Katsina. Ya ce kafinta mai inji ɗaya tal, wanda ma a shagonsa ya saya kuma mai arha, da me zai riƙe masa 'ya?

Mutum ɗaya ce ta tsaya wa Ashiru a gidan, amma ita ɗin ta isa. Kaka Ɗelu ce, mahaifiyar Alhaji, tsohuwa mai baki, wadda Alhaji duk girmansa ba ya iya musa mata. Tun ranar da Ashiru ya fara zuwa gaishe ta ya gyara mata ƙafar kujera, ta sa masa suna angona. Takan ce da jikarta, "Ke Mardiyya, in ba ki so ki bar min, ni ban tsufa ba." Saboda ita kaɗai Alhaji bai ba Hamza amsa ba.

Kaka Ɗelu tana da wani akushi baƙi wuluk, mai ƙyalli kamar an shafe shi da mai. Da shi aka kawo ta daga Safo tana amarya, kuma a cikinsa marigayi Malam Musa, mijinta, ya ci tuwo har ya bar duniya. Ba ta barin kowa ya wanke shi. Wata rana gefensa ya ɗan tsage, sartse ya soke ta a yatsa, sai ta naɗe shi a zane ta ba Mardiyya.

"Kai ma angona. Ki ce ya goge min wurin da ke sukata."

Ashiru ya karɓi akushin da hannu biyu, zuciyarsa fal murna. Ga dama ta samu da zai nuna wa gidan su Mardiyya ko shi wane ne. Ya sa samfefa mai laushi, ya rage gudun injin, ya taɓa gefen. Sartsen ya tafi nan take. Sai dai inda ya goge ya fito fari, kamar tabon ƙuna a baƙar fata. Idon kafinta kuwa ba ya jure ganin aiki rabi da rabi. Ya ce bari ya ɗan daidaita kewayen. Da ya daidaita kewayen, sai gindin ya yi masa muni. Injin kuma ga daɗin aiki, yana ta lashe baƙin nan ba gardama, jakar tana cika da baƙin gari. Allah sarki Ashiru! Shi a ganinsa daɗɗalar dauɗa ce ta shekara da shekaru yake raba tsohuwa da ita.

Kafin azahar akushi ya fito fari tas, ciki da waje, har zanen itacen ana gani. Ya ɗaga shi a rana yana yaba kansa. Ya aika wa Mardiyya: "Hasken idona, yau Kaka za ta ɗaura mana aure da kanta."

Da yamma ya sa sabuwar riga ya tafi. Ya tarar da Kaka Ɗelu a kan tabarma a tsakar gida, Alhaji na gefenta, Mardiyya na tankaɗe a ƙofar madafa. Ya durƙusa ya gaishe su, ya ajiye ƙunshin, ya kwance zanen da kansa yana murmushi.

Rariya ta suɓuce daga hannun Mardiyya. Alhaji ya miƙe tsaye yana salati. Kaka Ɗelu ta dubi abin da ke gabanta, ta dubi Ashiru.

"Wanga na wa ne? Ina nawa?"

"Shi ne, Kaka. Na hidda mishi dauɗar duka."

"Dauɗa?" in ji ta a hankali.

Ta jawo akushin, ta sa hannu cikinsa tana laluben wani wuri. Akwai inda yatsun Malam Musa suka saba sauka, wurin ya fi ko'ina santsi da duhu. Ta laluba ta laluba ba ta same shi ba. Tsohuwar da ba a taɓa rasa magana a bakinta ba, sai ta tashi da akushinta ta shige ɗaki ta saki labule. A lokacin ne murmushin Ashiru ya mutu.

"Tashi ka hita," in ji Alhaji. "Abin da ya rage mata na ubana ke nan. Kada in sake ganin ƙafarka gidan ga."

Saƙon Mardiyya ya iske shi kafin ya kai shago: "Gefe kawai aka ce maka, Ashiru. Kaka ta ƙi cin abinci. Ita kaɗai muke da ita, ka kuma karya mata zuciya. Don Allah kada ka kira ni yanzu."

Ya zauna ya zura wa injin ido, ya ji kamar ya ɗauke shi ya jefa cikin tafki. Amma ya san injin ba shi da laifi, abin da aka sa shi ya yi. Kwanakin da suka biyo baya sun yi masa ɗaci. Ya ga motar Hamza a ƙofar gidan Alhaji har sau biyu, ya kuma ji ana cewa manyan Hamza za su zo neman aure ranar Juma'a.

Sai ya hau moto ya tafi Safo, ya nemi wani tsohon masassaƙi, Malam Al'amin, ya roƙe shi ya koya masa yadda ake baƙin akushi. Tsohon ya nuna masa yadda ake bin itacen da jan ƙarfe daga wuta, a shafe shi da man kaɗe. Ashiru ya ƙone yatsunsa ya lalata ƙananan akusa da dama kafin ɗaya ya fito baƙi mai kyau.

Ranar Juma'a da hantsi ya tsaya a ƙofar gidan da aka kore shi. Alhaji ya fito zai yi faɗa, sai muryar Kaka ta fito daga ciki: "Salisu, bar shi ya shigo."

Kaka ta rame. Ashiru ya durƙusa nesa da ita, ya tura mata ƙaramin akushin.

"Kaka, na yi ɓarna, ba ni da bakin ba ki haƙuri. Na tahi Safo na koyo. Ki ba ni naki in maida mishi baƙinshi kamar wanga."

Ta ɗauka ta jujjuya, ta kai hanci ta sansana, ta ture shi.

"Ƙauri yakai. Kai yaro, baƙin wuta ai tun ina goyon Salisu ya koɗe. Wanda ka goge, miyar kuka ce da man shanu da hannun mutum biyu, safe da maraice, shekara hamsin. Wuta ba ta yin irinshi."

Ashiru ya sunkuyar da kai, hawaye ya ɗiga a kan ƙonannun yatsunsa. Mardiyya da ke laɓe bayan labule ta toshe bakinta. Kaka Ɗelu ta daɗe tana kallon yatsun nan. Sannan ta miƙa hannu bayanta ta jawo farin akushin, ta dangwara shi gabansa.

"Amma ban yafe ba. Wanda ya hidda baƙin shi za ya maida shi. Ka ɗauka, ka ci tuwo cikinshi kullum har ya koma yadda na ba ka." Ta juya ga ɗanta. "Salisu, mutum ɗaya ba ya iya aikin ga. Ka ba shi mai tuƙa tuwon."

Alhaji ya zaro ido. "Inna! Mutanen Hamza suna hanya!"

"In sun zo ka ba su ruwa su sha. Hamza ya ɓata min akushi? To mi za ya biya ni?"

Alhaji ya dubi uwarsa, ya dubi yaron da ke durƙushe. Ashiru kuwa ya kasa ko motsi, don bai tabbata kunnensa ya ji daidai ba. Sai da wayarsa ta yi ƙara a aljihu ya dawo hayyacinsa. Daga bayan labule aka aiko: "Mai garin katako, ka ce na gode mana, kahin ta sake shawara!"

Bayan an gama girbin gero aka ɗaura auren. Gadon amarya da kabad Ashiru ne ya yi su, ya goge su da injinsa mai arha, har Alhaji ya shafa ya ce ba laifi, wanda a bakin Alhaji babban yabo ne.

Ranar da amarya ta fara girki, Kaka Ɗelu ta sa aka kawo ta a kan amalanke don ta gani da idonta. Mardiyya ta kwashe tuwon gero a farin akushin, ta zuba miyar kuka da man shanu. Suna cikin ci, miya ta gangaro ta gefe ta bar wani dogon tabo a kan farin itacen. Ashiru ya yi wuf ya jawo tsumma zai goge, sai Mardiyya ta riƙe masa hannu.

"Bar shi, angona. Yanzu muka fara."

Kaka Ɗelu ta matso ta duba tabon da kyau, ta share idonta da gefen mayafi.

"Ni ba zan ga ranar da za ya yi baƙi ba," in ji ta. "Allah ya ba ku tsawon ran da za ku gani, ya ba ku 'ya'yan da za su sa hannu ciki. Ke kuma Mardiyya, ki ɓoye mishi injin nan."