Yarinyar da Ta Share Gidan Kifi

A wani gari an yi wata yarinya mai tsananin son tsabta. Da kakarta za ta yi tafiya, ta bar mata ajiyar akwatin gilashi mai babban kifi ɗaya da ƙanana bakwai.

Yarinya ta dubi ciyayin cikin ruwan, ta ce, "Wannan ƙazanta ce." Ta tuge su. Ta dubi duwatsu da tsohon icen da ke ƙasan akwatin, ta ce, "Wannan ma ƙazanta ce." Ta kwashe su. Akwati ya yi fes.

Da safe ta leƙa, ba ta ga ƙananan kifayen ba. Babban kifi kaɗai ke yawo, cikinsa ya yi tim.

Da kaka ta dawo, ta daɗe tana kallon akwatin. Sannan ta ce, "Jikalle, a ina kika ce ƙananan su ɓuya?"