Kwalayen Ba Ajimi

Sufeto Babayo mutum ne mai godiyar Allah. Tun da aka kawo shi Nguru, aikinsa bai wuce satar akuya da rigimar masu kifi ba, kuma bai taɓa roƙon a sauya masa gari ba. Yana cikin shan kunun tsamiya da hantsin wata Asabar sai kofur ya shigo da wani dattijo mai tabarau, gilashinsa da kauri kamar gindin kwalba.

Duk Nguru an san Ba Ajimi. Tsohon gadin jirgin ƙasa ne, ya ƙare ƙuruciyarsa tsakanin Nguru da Kano da Ikko.

"Yallaɓai, an kwashe min kwalaye," in ji shi.

"Na sukari ko na sabulu, Baba?"

"Na faifai. Faifan kiɗan Turawan nan masu gashi har kafaɗa, masu dukan jita kamar sun yi faɗa da ita."

"To, faifai nawa aka ɗauka?"

"Ko ɗaya. Faya-fayan suna nan. Rigunansu aka tuɓe aka tafi da su."

Kofur ya juya baya don kada a ga dariyarsa. Shi ma Sufeto dariyar ta taso masa, amma ya haɗiye ta da ya ga dattijon ba wasa yake ba.

"Ɗana, ni ban taɓa jin abin da suke faɗa a waƙar ba, garmahona ma ya mutu tun tuni. Hotunan jikin kwalayen nake so. Likita a Kano ya ce idon nan tafiya yake yi, ba zai dawo ba. Ɗan ganin da ya rage min, a kansu nake so ya ƙare."

Sufeto ya ajiye ludayi ya ɗauki hularsa.

A ɗakin zaure Ba Ajimi yake ajiyarsa, cikin wata akwatin ƙarfe ta reluwe. Jiya da ya tafi Juma'a matarsa tana gidan biki, ya dawo ya tarar da ƙofa a buɗe. Ba a fasa kwaɗo ba, kwance ƙusoshin maƙalarsa aka yi, aka jera su a bakin taga. Faya-fayan kuwa an shimfiɗa musu zane a kan gado, an ɗora su ɗaya bisa ɗaya, ko ƙwarzane babu.

Sufeto ya daɗe yana aikin nan, bai taɓa ganin ɓarawo mai ladabi haka ba. Ya ɗaga faifan sama ya shinshina. Warin kananzir. A gefen zanen kuma ga shatin babban yatsa, shuɗi shar.

"Baba, kana fenti a gidan nan?"

"Rabon gidan nan da fenti tun ina aiki."

"Wa kake nuna wa kwalayen?"

"Duk wanda ya zauna ya sha shayi. Amma aro, ko ɗan cikina ban ba. Babakura ya sani."

Babakura shi ne mai shagon kaset a bakin tasha, inda ake zuba wa mutum waƙar da yake so. Da ya hango kakin ɗan sanda sai ya rage ƙarar rediyo, ya hau gaisuwa har da ta kakanni.

"Yaushe rabonka da gidan Ba Ajimi?"

"Kai, yallaɓai, tun kafin azumi."

"Shi kuma ya ce makon jiya kun sha shayi."

Babakura ya sosa ƙeya. "Af, haka ne fa. Tsufa ne, yallaɓai."

"Miƙo hannunka."

Hannun tas yake, babu fenti. Dama Sufeto bai sa ran gani ba. Mai sayar da waƙa in zai yi sata, faifan zai sura ya bar kwali.

"Kai kaɗai ka je?"

Babakura ya hau gyara jerin kaset.

"Babakura, a nan za ka tuna ko a caji ofis?"

"Da ɗan ƙanwata ne, Ibram. Mai zanen motoci ne a Gashuwa. Ni na kai shi don ya buɗe ido. Wallahi yallaɓai ya kusa kuka da ya ga hotunan. Ya roƙi aron ɗaya, Baba ya hana. Da na ji abin da ya faru jiya sai jikina ya ba ni, amma ɗan ƙanwata ne, ya zan yi?"

Sufeto ya sa aka fito da Landiroba, shi da kofur suka biya suka ɗauki Ba Ajimi, don ba wanda zai shaida kayan sai shi. A hanya dattijon ya warware. Ya ba da labarin yadda yake bin shagunan tsofaffin kaya a Ikko in jirgi ya sauke su, abokan aiki suna sayen agogo da yadi, shi yana tsugune yana zaɓen kwali. Akwai mai hoton ƙofa tsaye ita kaɗai a tsakiyar teku. Akwai mai mutum da kan agogo. Amma sarkinsu shi ne wani ƙaton kifi mai ruwan azurfa yana shawagi a sama bisa wani gari, da ɗan mutum a bayansa riƙe da jar laima.

"Me yake nufi, Baba?"

"Oho. Da na sani ai da na gaji da kallonsa."

Sufeto ya yi dariya har cikinsa. Ya ji dattijon ya kwanta masa a rai, ya kuma ji tsoron kada su je su tarar an yi fifita ko hura wuta da kwalayen.

A Gashuwa ba su sha wahalar nema ba. Bayan kasuwar barkono akwai garejin da ake yi wa manyan motoci kwalliya, duk zaki da gaggafa da dawisu. Can ƙarshe wata rokar ɗaukar kifi ta juya musu baya, fentinta ko bushewa bai yi ba. Kifin azurfa ya cika allon bayan tun daga wannan gefe har wancan, ga jar laima, ga gari a ƙasa.

Wani siririn mutum ya sauko daga kan durom, yatsunsa shuɗi.

"Kai ne Ibram?"

"Ni ne, yallaɓai."

"Ina ka samo wannan hoton?"

"A kalanda na gani, a Kano, wajen wani ɗan Kwara."

"Ba a gidan Ba Ajimi ba?"

"Na gani a can ma. Ai irinsa ba ɗaya ba ne, Bature dubbai yake bugawa."

Gaskiyarsa ce, kuma Sufeto ya san haka. Hoto a bayan mota ba shaida ba ce. Ya waiga don ya tambayi Ba Ajimi, sai ya tarar dattijon ya cire tabarau ya tsaya gaban allon, baki buɗe.

"Yaro," in ji Ba Ajimi, "wannan zoben mai ruwan ƙasa da ka yi a saman wutsiya, mene ne?"

"Wata ne, Baba. Haka Baturen ya zana shi."

Dattijon ya fashe da dariya har yana dafa mota.

"Wata! Ai gindin kofin shayina ne. A tashar Minna jirgi ya yi girgiza, na rasa inda zan ajiye kofi, na ɗora a kai. Na yi mako ina jin haushin kaina. Yallaɓai, duk duniya kifi ɗaya ne mai wannan watan, nawa ne."

Ibram ya dubi zoben da ya ɓata lokaci yana gyara masa da'ira. Sai ya zauna a ƙasa.

"Ni na ɗauka, yallaɓai. Direbobi sun gaji da zaki da gaggafa, kowa zanen da ubansa ya yi yake maimaitawa. Da na ga na Baba sai barci ya ƙaurace min. Na ce faya-fayan ai su ne dukiya, shi ya sa na lallaɓa su na bar masa. Kwali kuwa na ɗauka kwali ne kawai. Niyyata in kwafa in mayar."

"Da kwance ƙofar mutane?" in ji Sufeto. "Ina suke?"

Suna cikin ɗakinsa, naɗe a sabon zane a ƙarƙashin katifa, ko kusurwa ɗaya ba ta lanƙwashe ba. Ba Ajimi ya karɓa ya rungume. Ya zaro na kifin, ya mayar da tabarau, ya kawo shi dab da hancinsa, ya matsar, ya sake kawowa. Sai ya sauke shi a hankali ya koma gaban motar.

Kofur ya sa wa Ibram ankwa ya nufi Landiroba da shi. Sufeto ya taɓa kafaɗar dattijon.

"Baba, mu tafi, rana tana yi."

"Ɗan ƙara min kaɗan, ɗana. Na yi shekaru ina riƙe da kwalin nan, da ka nake cike abin da ido ya kasa. Yau ga ƙayar bayan kifin, ga igiyar laimar, ga ma tagogin garin. Na manta akwai tagogi."

Ya ɗaga murya wajen mota.

"Kai, Ibram! Ka yi min laifi, kuma alƙali zai gaya maka. Amma in ka fito, kada ka tsaya ko'ina. Katangar gidana doguwa ce. Ka zo da fentinka, ka yi sauri tun ina gani."

Ibram ya sunkuyar da kai yana share ido da hannu biyu a haɗe. Sufeto Babayo ya ce wa direba ya kashe mota, shi ma ya zo ya tsaya kusa da Ba Ajimi suna kallon kifin.