Ƙullin Baba Jatau

A shekarar 1998 Gusau ba ta gama sabawa da zama babban birnin jiha ba. Motocin auduga na shigowa layi-layi, kowa ya san kowa, caji ofis kuma mota ɗaya gare shi, ita ma sai an tura. Wallahi ina kewar lokacin nan.

Ranar wata Talata aka kawo wa Sufeto Tajuddeen rahoto daga Rawayya, ta ƙasar Bunguɗu. Shanu bakwai na Malam Shu'aibu sun sha ruwa sun faɗi matattu.

Sufeto ya tarar da kwamin ruwan an shimfiɗe cikinsa da wata leda shuɗiya mai kauri. Ya sunsuna, ya ja da baya. Warin maganin feshin auduga ne.

"Malam, ina ka samo wannan?"

"Kasuwar Tsafe na saye ta," in ji Shu'aibu, idonsa a ƙasa.

"Wurin wa?"

"Na manta fuskarsa."

Sufeto ya naɗe ledar. Sito ɗaya ne a duk yankin ke ajiye maganin a gangunan ƙarfe masu irin wannan leda a ciki, don kada maganin ya ci ƙarfen. Ma'aikata riga suke ce mata. In ganga ta ƙare, a cire tsohuwar riga a ƙone, a sa sabuwa.

Da Sufeto ya isa can, Mannir, mai kula da siton, bai jira an gama tambaya ba.

"Baba Jatau kaɗai ke canja riga, ranka ya daɗe. Tsufa ne, ƙila ya kai gida."

Aka kawo tsohon caji ofis. Sufeto ya san shi tun yana yaro, lokacin da mahaifinsa ke awon auduga, Jatau na ba shi gyaɗa a bakin sito. Ganinsa zaune bayan kanta ya sosa masa rai ƙwarai. In laifin ya tabbata, gidan yari ne, ga sunan shekara talatin ya zube.

"Baba, yaya kake aikinka?"

"Kamar yadda na koya, ɗana. In sa safar hannu, in zaro riga, in tsaga ta gida huɗu tun kafin in ajiye, don kada wani ya yi sha'awarta. Ran Alhamis in ƙone."

Sufeto ya baza ledar Rawayya a ƙasa. Babu tsaga ko ɗaya.

"Ka taɓa barin aiki kwanan nan?"

"Mako ɗaya, da ƙanena ya rasu a Wonaka."

Washegari Sufeto ya koma sito da Jatau da kofur guda.

"A makon rasuwar an canja riga?" ya tambayi Mannir.

"Ko ɗaya. Jiransa muka yi."

"To, buɗe mana gangunan."

Suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowace riga an ɗaure bakinta da igiya, ƙullin guga, wanda ja ɗaya ke kwance shi, don Jatau haƙar rijiya ya yi a ƙuruciyarsa. Sai a kusurwa suka iske ganga shida da wani ƙulli daban.

"Wannan ba hannuna ba ne," in ji Jatau. "Ƙullin buhun hatsi ne."

Sufeto ya juya. "Mannir, kafin ka zo nan me kake yi?"

"Ɗaurin buhu a kasuwar hatsi."

"Miƙo hannuwanka."

Fatar tafin ta saɓule, ta yi jajur. Wanda ya wanke riga ba safa, haka hannunsa ke yi.

"Kuma na ji 'yar Malam Shu'aibu kake aure. Shi ya sa ya manta fuskar mai sayarwa."

Mannir ya zauna a kan ganga.

"Mota ce ta zo da magani, Baba ba ya nan, na canja da kaina. Na ga ledar lafiyayya, na ji ƙona ta asara ce. Sau uku na wanke da sabulu, na kai wa surukina ɗaya kyauta. Da shanun suka mutu tsoro ya kama ni."

"Sai ka jingina wa tsoho. Ina sauran biyar?"

"Suna gida. Matata Maimuna ta ce za ta zuba geron tuwo a ciki."

Sufeto bai tsaya sa masa ankwa ba, ya bar wa kofur wannan. Ya ari babur ɗin wani ma'aikaci, ya ɗauki Jatau a baya suka nufi gidan. Suka tarar matar ta baza ledojin a tsakar gida, buhun geron na gefe ba a kwance shi ba.

Lokacin da suka fito da su, motar caji ofis ta wuce da Mannir, mutum biyu na tura ta.

Baba Jatau ya sa safarsa, ya zaro wuƙa daga aljihu.

"Baba, shaida ce, kotu za mu kai su," in ji Sufeto.

"Ku kai su a tsage, ɗana."

Sufeto ya kau da kai, ya bar shi ya tsaga kowace gida huɗu.