Tayin Daƙiƙar Ƙarshe

A ɗakin karɓar kaya na kamfanin gwanjon intanet ta fara ganinsa. Ta je ɗaukar kwalin zare, shi kuwa yana rungume da keken ɗinkin da ta yi kwanaki tana tayawa: baƙi, mai zanen fure, irin na marigayiya mahaifiyarta sak. Tayinta ne a sama har lokaci ya kusa cika, sai wani ya faɗo ya ɗora nasa, shafin ya rufe. Ranar har kuka ta yi.

"Kai ne Maharbi?" ta tambaya, tana hararar sunan da ke jikin kwalin, wanda da shi aka kayar da ita a shafin.

"Ke ce Mai Allura?" Ya yi murmushi. "Ai ke kika tona wa kanki asiri. Tun da wuri kike ta ƙara tayi, kowa ya gane kin ƙwallafa rai. Abin da kake so, shiru kake yi sai daƙiƙar ƙarshe."

Haushi ya cika ta. Amma ta ba shi lambarta, wai don ya koya mata dabarar. Wai!

Gyaran kekunan ɗinki yake yi, sai ga shi kullum a shagon ɗinkinta yana duba kekenta da lafiyarsa lau. Da safe saƙo: "Allurata, kin tashi lafiya? Kar ki soke yatsa, ni zai yi wa zafi." Ta karanta ta maimaita, tana murmushi ita kaɗai. Ta kamu, babu wani ɓoye-ɓoye.

Sai dai maganar aure ko sau ɗaya bai taɓa yi ba. Ana haka ɗan abokin Baba, mai kantin magani, ya turo manyansa.

"Wancan mai gyaran fa?" in ji Baba. "Mutumin da bai taɓa tako ƙofar gidana ba? Zan ba mutanen nan amsa ƙarshen mako."

Nan take ta sanar da Maharbi. Amsarsa ta zo: "Kwantar da hankalinki. Bari su gama nuna ƙarfinsu, ina nan ina kallon agogo."

Nan ta gane. Bawan Allah ita ma laɓe mata ya yi! Hawaye na zuba ta rubuta: "Ni ba kayan gwanjo ba ce. Ina son wanda zai so ni tun da wuri, kowa ya gani, ko da zai sha wahala. In ka jira daƙiƙar ƙarshe, ni da kaina zan rufe shafin."

Ta kashe wayar.

Washegari da hantsi ta ji sallama. Maharbi ne da kawunsa, gumi sharkaf, baƙin keken nan a kafaɗarsa, ya sha mai yana ƙyalli. Ya durƙusa gaban Baba.

"Baba, na yi wauta. Tun ranar da na gan ta nake son ta. Na ajiye dabara, ga ni."

Baba ya daɗe yana shafa zanen furen, yana tuna marigayiyar matarsa mai irinsa. Ya dubi 'yarsa, ta sunkuyar da kai.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce a hankali.

A kan keken ta ɗinka kayan aurenta. Ranar biki kuwa, masu jera kujeru da suka iso da sassafe sun tarar da ango zaune shi kaɗai, yana jira.