Wadda Ta Riga Ta Gwada Takalmin

"A'a, yau ba da waccan ka zo ba?"

Mai shago ce ta faɗa tana murmushi, tun kafin su gama shigowa. Auta ta ji maganar har tsakiyar kanta. Ta juya ta kalli Dogo, mutumin da aka sa musu ranar aure wata mai kamawa. Shi kuwa ya tsura wa bango ido kamar ya ga sabon abu.

"Wace waccan?" ta tambaya a hankali.

"Zauna ki gwada tukuna, masoyiya..."

Ita ta matsa masa tun bara tana son koyon takalmin taya, irin mai tayoyi a jere layi ɗaya. Yau ya ce zai cika alkawari. Ga shi tun daga bakin ƙofa abin ya fara ɗaci.

Ta zauna a benci. Dogo bai ko tambayi lambar ƙafarta ba, ya miƙa hannu ya ɗauko kwali ɗaya.

"Wannan ne. Tayoyinsa ƙanana, ba ya gudu da mai koyo. Ga birki a dunduniya. Na mata ne, ya fi kama idon sawu."

Auta ta zura ƙafa. Cif, kamar don ita aka yi. Da ya yi mata yawa ma da ta fi samun sauƙi a ranta.

"Yaushe ka zama gwanin ƙafar mata?"

"Tambaya na yi."

"Kai da ko lambar rigarka sai Umma ta tuna maka?"

Ambaton Umma ya ƙara mata nauyin zuciya. Mahaifiyar Dogo ba ta taɓa sakar mata fuska ba. Gaisuwa ma a taƙaice take amsawa. Auta ta daɗe tana zargin akwai wadda tsohuwar ta fi so wa ɗanta. To ga ta nan, har shago ana kawo ta.

Ta fara kwance igiyar takalmin.

"Idan ita ce zaɓin gida, ka faɗa min yau. Ba zan shiga gidan da ake jiran in fita ba."

"Auta, na yi alkawarin ba zan faɗa ba..."

"To riƙe alkawarinka. Ni ma zan riƙe kaina."

Mai shago ta ajiye abin da ke hannunta. "Ni dai ban yi wa kowa alkawari ba. 'Yan mata, wadda nake nufi mai furfura ce."

Auta ta ɗago.

"Mahaifiyarsa ce," in ji mai shago. "Ta ce ƙafarku ɗaya. Wai duk zuwan da kika yi gaishe ta, idan kin cire takalmi a bakin ƙofa, sai ta faki ido ta zura ƙafarta ta gwada. Nan ta zauna ta sa wannan ta cire wancan. Akwai mai manyan tayoyi da ɗanta ya so, ta miƙe a kai, ya kwashe ta ta zube a nan gurin. Tana ƙasa tana cewa wallahi ba za a ɗora mata yarinya a kan wannan ba."

Dogo ya sosa ƙeya. "Kunyarki take ji, shi ya sa take ɗaure fuska. Ta ce idan na faɗa, sai ta saɓa min."

Kunya ta rufe Auta, hawaye suka biyo baya. Wata nawa tana ƙullace da baiwar Allah a banza.

"Ba ni wayarka," ta ce.

Ta kira lambar Umma. Sai da ta kusa tsinkewa aka ɗauka.

"Umma... ni ce. Ina wuni?"

Muryar ta zo a dake, yadda ta saba.

"Ya faɗa miki ke nan. Takalmin ya matse ki?"

"Ya yi daidai, Umma."

"To. Ki ce ya haɗa miki da hular kwano da abin kare gwiwa." Ta yi gyaran murya. "Kada ki kuskura a kawo min ke a karye. Ba ni da wata 'ya mace sai ke."